Kada Ka Sa Sulken Saul

Karatu: 1 Sama'ila 17:32-40
Ayar haddacewa: Yakubu 1:5

Duk shekara idan JAMB ta fara sayar da fom, matasa sukan zo wurina da tambaya ɗaya: "Baba, wane kwas zan cika?" Uba yana son likita, uwa tana son lauya, abokai sun nufi kimiyyar kwamfuta, shi kuwa yaron bai san inda zuciyarsa take ba. Idan haka kake yau, kada ka ji kunya. Rashin sani ba zunubi ba ne.

A karatunmu, Sarki Saul ya sa wa Dawuda kayan yaƙinsa, da kwalkwalin tagulla da sulke. Da kyakkyawar niyya ya yi haka, kayan kuma na sarki ne. Amma da Dawuda ya gwada tafiya sai ya kasa, domin bai saba da su ba. Ya tuɓe su, ya ɗauki sandarsa da majajjawarsa, ya tsinci duwatsu biyar a rafi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Lura da inda Dawuda ya sami gaba gaɗi. Ya waiwayi kwanakin kiwo, ya tuna yadda Ubangiji ya cece shi daga zaki da beyar. Kai ma ka waiwaya. Wane darasi ne kake zama a kansa har dare ba tare da an tilasta maka ba? Me 'yan ajinku suke zuwa ka koya musu? Sau da yawa majajjawarka tana nan a hannunka, kai ne kake raina ta.

Wata 'yar'uwa a zumuntar matasanmu ta rubuta jarrabawa sau uku tana neman likitanci don ta faranta wa mahaifinta rai, alhali ko jini ba ta iya kallo. Ita ce kuwa take riƙe mana lissafin baiko ba kuskure. Bayan addu'a da azumi, muka je tare muka zauna da mahaifin cikin ladabi. Yau tana karatun akanta da farin ciki.

Bangaskiya ba ta hana bincike. A jarrabawar JAMB darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ɗin ne yake tsara su. Mai neman likitanci sai da Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, karatun kuma shekara 6 ne. Na lauya da na injiniya shekara 5. Ka duba sakamakonka na WAEC ko NECO, ka lissafa kuɗin da gidanku zai iya ɗauka, ka tambayi wanda yake yin aikin yadda ranarsa take wucewa. Matambayi ba ya ɓata.

Iyaye, ku ba da shawara, amma kada ku ɗaura wa yaro sulken da ku kuka so sawa ba ku samu ba.

Abin yi yau: Rubuta kwas uku da suke jan hankalinka. Ka yi kwana bakwai kana addu'a a kansu, sa'an nan ka kai wa iyayenka da fastonka.

Addu'a: Ya Uba, kai ka halicce ni, ka san abin da ka sa a cikina. Ka cire mini tsoron mutane da kwaikwayon abokai. Ruhu Mai Tsarki, ka bi da ni zuwa karatun da zai ɗaukaka sunanka, ya kuma amfani jama'a. A cikin sunan Yesu, Amin.