Kalmar "Absurd" a Ajin Lissafi

Akwai wata kalmar Turanci da kan yi wa ɗalibai tarnaƙi a ajin lissafi, ko a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ko a makarantun sakandare na Gwaram, watau absurd. Ɗalibi kan fara gamuwa da ita a darasin Turanci, inda ake fassara masa ita da shirme ko sokiburutsu. Ranar da ya tarar da ita a ƙarshen wata hujja cikin littafin lissafi, sai ya zaci marubucin ya rushe aikinsa da kansa. Alhali kuwa a daidai wurin nan ne hujjar ta kammala.

Asalin kalmar daga Latin ne, inda absurdus ke nufin sautin da ya kauce wa kiɗa, kamar kalangun da bai ji ɗauri ba. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16. A bakin masana lissafi kuwa ma'anarta ta ƙuntata: magana ce wadda ke ƙaryata kanta.

Ga yadda ake aiki da ita. Wanda ke son tabbatar da wani zance sai ya ƙaddara kishiyarsa ce gaskiya, ya bi ta sannu har ta kai shi ga abin da ba ya yiwuwa. Wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid na Iskandariyya ya bi wannan hanya a kan lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin su 2 da 3 da 5. A ƙaddara cewa waɗannan ukun su ke nan, babu saura. A ninka su, a sami 30, a ƙara 1, ya zama 31. To, 31 ba ta rabuwa da ko ɗaya cikinsu, domin kullum 1 kan yi saura. Ashe akwai wata a waje. Kowane jeri aka kawo haka zai faru, saboda haka lambobin ba su da iyaka. Sai dai a lura, ba dole ba ne sabuwar lambar ta zama marar rabuwa: idan aka ninka daga 2 har zuwa 13 aka ƙara 1, za a sami 30031, wadda ita ce 59 sau 509, kuma duka biyun ba sa cikin jerin.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya karanci Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ya san hukuncin hankali uku ne: wajibi da mustahili da ja'izi. Mustahili shi ne abin da hankali ba ya karɓar samuwarsa. Ita ce fassarar da ta dace da ajin lissafi, ta fi shirme nesa ba kusa ba.

Malaman Pakistan da suka koyar da kimiyya a makarantun Arewa cikin shekarun 1970 sun zo da irin wannan gado. A harshensu na Urdu ana cewa muhal, kuma ita da mustahili tushensu ɗaya ne a Larabci. Malami da ɗalibi suna riƙe da kalma kusan guda a gida, amma a gaban allo sai ta Turanci suke haɗuwa.