Dangantakar Halittu da Muhallinsu: Nazari a kan Gonar Gawo a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan muƙala ta bibiyi wasu ginshiƙan ilimin muhalli, inda aka ɗauki gonar da ke da itatuwan gawo a matsayin abin misali. An nuna cewa ire-iren dangantakar da masana suka fayyace suna nan a gonar Bahaushe, kuma harshensa yana da kalmomin da za a koyar da su.

1.0 Gabatarwa

Ilimin muhalli fage ne da ke nazarin yadda halittu masu rai ke hulɗa da junansu da kuma wurin da suke zaune. Bajamushen masani Ernst Haeckel ne ya raɗa wa fagen suna a shekarar 1866. A 1935 kuma, Arthur Tansley na Ingila ya kawo ra'ayin tsarin muhalli, wato a ɗauki masu rai da marasa rai na wuri guda, kamar ƙasa da ruwa da hasken rana, a matsayin abu ɗaya mai sassa masu dogaro da juna.

2.0 Gawo a Tsarin Muhalli

Gawo ya sha bamban da sauran itatuwa, domin da damina yake kaɗe ganyensa, da rani ya yi sabo. Saboda haka ba ya tare wa gero da dawa hasken rana, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Tsirrai irinsa su ne masu samar da abinci. Shanu da awakin da ke cin 'ya'yansa su ne masu ci, gara da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa kuwa su ne masu ruɓarwa, waɗanda ke mayar da ganye da kashin dabbobi ga ƙasa.

3.0 Ire-iren Dangantaka

3.1 Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: Kowane ɓangare yana amfana. A saiwar gawo akwai ƙwayoyin bakteriya da ke sarrafa sinadarin naitirojin na iska ya zama abin da itacen zai sha, shi kuma ya ciyar da su. Haka nan dabbar da ta ci 'ya'yansa takan kai ƙwallon nesa cikin kashinta, ya tsiro.

3.2 Amfana ba Cutarwa: Balbela tana bin shanu tana kama ƙwarin da suka tayar daga ciyawa. Ita ta ƙoshi, su ba su yi asarar komai ba.

3.3 Ci-da-gumin-wani: Ɗaya yana ƙaruwa, ɗayan yana cutuwa. Kauci yana kafa kansa a reshen itace yana shan ruwansa. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana maƙale wa saiwar gero da dawa tun kafin ya fito fili, kuma ya fi ta'adi a gonar da ta gaji. Ke nan idan aka sare gawo, takin ƙasa ya ragu, an buɗe wa ƙuduji ƙofa.

Abin da ya faru a Nijar ya tabbatar da wannan sarƙaƙiya. Tun daga shekarun 1980, manoman yankunan Maraɗi da Damagaram suka riƙa rainon tsiron da ke fitowa a gonakinsu maimakon tumɓuke shi, har aka ƙiyasta cewa itatuwa sun farfaɗo a kimanin hekta miliyan 5.

4.0 Kammalawa

Binciken ya nuna cewa kafin a ari kalma daga wani harshe domin koyar da ilimin muhalli, ya kamata a fara tuntuɓar manomi da makiyayi. Tattara sunayen tsirrai da tsuntsaye daga bakinsu aiki ne na gaggawa a kan manazarta Hausa, domin itacen da ya ɓace daga gona, sunansa ba ya daɗewa a bakin yara.