Tsakanin Kira da Rajista: Nazarin Shirin Ziyarar Haikalin Vaishno Devi

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi yadda mabiya addinin Hindu ke shirya ziyara zuwa haikalin abar bautarsu Vaishno Devi. An gano cewa shirin ya rataya a kan aƙidar kira da kuma dokokin hukuma, kuma sauƙin sufuri ya fara taɓa ma'anar tafiyar kanta.

1.0 Gabatarwa

Haikalin yana cikin wani kogo a tsaunin Trikuta, a gundumar Reasi ta yankin Jammu da Kashmir a Indiya. Babu sassaƙaƙƙen gunki a kogon. Duwatsu 3 ne da ake kira pindi, masu wakiltar Kali da Lakshmi da Saraswati. A shekarar 2012 maziyarta sun haura miliyan 10. Sunan wannan tafiya yatra, kuma kalmar ziyara ta fi dacewa da ita a Hausa, domin ba a keɓe mata wata guda ba.

2.0 Aƙidar Kira

Masu ziyarar sun yi imani cewa babu mai isa kogon sai wanda Uwa, wato Vaishno Devi, ta kira. Sunan kiran bulawa. Saboda haka, idan tafiya ta fasu, akan ce kira ne bai zo ba. Maƙasudin zuwan shi ne darshan, wato tozali da abin bauta. An fi son a dace da bikin Navratri na kwana 9, wanda ke zuwa wajen Maris zuwa Afrilu, da Satumba zuwa Oktoba, kuma a lokacin ne cinkoso ya fi tsanani.

3.0 Zangon Hanya

Daga garin Katra zuwa haikalin hawa ne na kimanin kilomita 13, kuma kowane zango yana ɗauke da wani yanki na labarin abar bautar. A ruwayarsu, wani mai tsatsuba, Bhairon Nath, ya biyo ta, ita kuwa ta haye tsaunin. A Banganga ta harba kibiya ruwa ya ɓuɓɓugo, shi ya sa ake wanka a wurin. A Charan Paduka ana nuna sawun ƙafarta a jikin dutse. A Ardhkuwari, wajen tsakiyar hanya, ta ɓuya wata 9 a wani matsattsen kogo da ake kwatanta shi da mahaifa, maziyarta kuma sukan ratsa shi da rarrafe. A bakin babban kogon ta fille masa kai, daga baya ta yafe masa, ta kuma shardanta cewa ziyara ba ta cika sai an je inda kansa ya faɗi. Ke nan mai tafiya da ƙafa yana bin labarin daki-daki.

4.0 Hannun Hukuma

A 1986 aka karɓe kula da haikalin daga masu gadonsa, aka damƙa wa hukuma ta musamman. Yanzu wajibi ne a yi rajista, a Katra ko ta intanet. Bayan turmutsutsun 1 ga Janairu, 2022, wanda ya halaka mutum 12, an fito da katin lantarki mai nuna inda kowa yake. Ba a shiga kogon da waya ko kayan fata, kuma an hana nama da giya a Katra. Dole mai shiri ya lura da yanayi: dusar ƙanƙara a hunturu, zaftarewar ƙasa a damina. A Agustan 2025 irin wannan zaftarewa ta kashe fiye da mutum 30 kusa da Ardhkuwari.

Sufuri ma ya sauya. Jirgin ƙasa ya iso Katra a 2014, ga dawaki da masu ɗaukar mutane a kafaɗa, ga jirgi mai saukar ungulu da ke sauka a Sanjichhat. Wanda ya hau wannan jirgi yakan tsallake Banganga da Charan Paduka da Ardhkuwari, ya sami darshan ba tare da ya taka labarin ba.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa aƙida ce ke tayar da maziyarci, hukuma kuma ke ba shi izinin hawa. Sabon tsarin ya buɗe ƙofa ga tsofaffi da masu rauni, sai dai ya bar wa kowane mai shiri zaɓi tsakanin isa da wuri da bin zangon da suka ba tafiyar ma'ana.