Mita da Ƙafa: Awo da Ido

'Yan'uwana ɗalibai masu shirin zama malamai, littattafan lissafi da takardun safiyo da mita suke magana, amma magini da kafinta da dillalin fili har yanzu ƙafa suka fi sani. Yaron da bai iya mai da wannan zuwa wancan ba, wata rana sai a cuce shi yana kallo. Saboda haka nake so in nuna muku yadda nake koyar da wannan darasi.

Da fari ga ƙa'ida. Tun 1959 aka daidaita ƙafa 1 a kan santimita 30.48. Watau mita 1 ƙafa 3.28 ce, ko kuwa ƙafa 3 da inci 3 da 'yan kai. In da alkalami a hannu, sai a ninka yawan mitoci da 3.28. In kuwa a ka za a yi, sai a ninka da 3, sa'an nan a ƙara ushirin abin da ya fito. Misali mita 20: sau 3 ya ba da 60, ushirinsa 6, jimla 66. Amsar alkalami 65.6 ce, ka ga ba su yi nisa da juna ba.

Ku gargaɗi yara kada su ɗauki mita a bakin yadi. Yadi ƙafa 3 ne cif. Wanda ya ce mita 100 ƙafa 300 ce, ya zubar da ƙafa 28, tsawon da ya fi faɗin ragar ƙwallo.

Amma lamba kaɗai ba ta zama a kan yaro sai ya ga abin da ido. Don haka nakan fita da su waje, in sa su auna abubuwan da suka saba gani. Rula ta santimita 30 saura ƙiris ta cika ƙafa 1. Faɗin ragar ƙwallo mita 7.32, watau ƙafa 24, tsayinta kuwa mita 2.44, ƙafa 8 ke nan. Turmin atamfa mai yadi 6 ƙafa 18 ne, kusan mita 5 da rabi. Da an ce mita 15, sai yaro ya ga raga biyu a jere.

Daga nan nakan kawo maganar fili. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, a takarda mita 15.24 ne da 30.48. In an rubuta mita 15 da 30, to, an rage wajen inci 9 a faɗi, da ƙafa 1 da rabi a tsawo. Irin wannan ɗan ragi shi kan jawo rigimar iyaka tsakanin maƙwabta.

To, in kun je gwajin koyarwa, kada ku tsaya ga allo da alli kawai. Ku ɗauki igiya mai mita 1 ku ba yara su auna ajinsu da kansu. Allah ya ba mu sa'a, amin.