Na dawo daga Jidda, amma na zama baƙo a gida

Tambaya: Tun 2010 nake ɗinki a Jidda. Wata uku ke nan da dawowata Kano, komai ya sauya mini, 'yan'uwa kuma kullum da buƙata. Ina mafita?

Amsa: Sannu da dawowa, Malam. Kanon da ka bari ba ita ka tarar ba. Ka tafi 'yan acaɓa sun cika titi, an hana su a 2013, yanzu sai adaidaita sahu. An cire tallafin man fetur a 2023, saboda haka farashin da ke kanka ya tsufa. Daina faɗa da masu kayan miya, ba su suka kar zomon ba.

Fara da lambar NIN da BVN, don sai da su harkar layin waya da banki za ta tafi daidai.

Batun 'yan'uwa shi ne mai nauyi. A idonsu duk wanda ya sauka daga Saudiyya riyal ya ƙunso. Tsaraba sau ɗaya ake yi. Ka samu babban yayanku ku keɓe, ka gaya masa gaskiyar aljihunka, shi zai isar wa saura cikin hikima. Jarinka kuwa, riƙe shi tukuna. Yi ta zagaya Kantin Kwari, ka zauna da teloli, ka ga irin ɗinkin da ake yayi kafin ka kama shago.

Ka rage "a Jidda ba haka ake yi ba", kunne na gajiya. Waɗanda aka yi wa rasuwa ba ka nan, bi su gida-gida ka yi ta'aziyya tun a wannan makon.