Tsare Kajin Gida Daga Shirwa Da Muzuru

A Mamudo, kusa da Potiskum cikin Jihar Yobe, da wuya a shiga gida ba a tarar da kaji suna kiwo a tsakar gida ba. Haka abin yake a yawancin ƙauyukan ƙasar nan. Kaza ita ce asusun mace da yaro: da ita ake sayen magani, a biya kuɗin littafi, a fita kunyar baƙo. Amma sau da yawa kaza takan kwanta kwana 21 a kan ƙwai, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki masu yawa, kafin wata biyu a ga saura biyu ko uku. Cuta na da nata rabo a wannan asara, sauran kuwa aikin maƙiyan kaji ne.

Maƙiyan Rana Da Na Dare

Maƙiyan rana daga sama suke zuwa, watau shirwa da shaho da hankaka. Sun fi ɓarna da rani, bayan an girbe gero da dawa an kwashe kara, fili ya zama fayau babu wurin ɓuya. Na dare kuwa ta ƙasa suke bi: muzuru da gafiya da maciji da kwarkwasa. Tunku da damo sukan yi satar ƙwai ko da rana tsaka.

Ana iya gane ɓarawo daga sawun aikinsa. In ɗan tsako ya ɓace da rana babu alama, tsuntsu ne ya sure shi. In an wayi gari an ga gashi warwatse da jini, a nemi muzuru. In ƙwai ya ɓace babu ɓawo, mai yiwuwa maciji ne ya haɗiye shi.

Kwando Da Rana

Mako shida zuwa takwas na farko su ne mafi hatsari ga ɗan tsako. A cikin wannan lokaci lalle ne kada a bar uwa ta ja 'ya'yanta zuwa bayan gari. A kife su da babban kwando mai ƙananan idanu a ƙarƙashin inuwa, a danne shi da dutse. A ba su tsaki da dusa da gara, da ruwa mai tsabta a kasko marar zurfi don kada su nutse. Kullum a matsar da kwandon zuwa sabon wuri.

Akurki Da Dare

Kazar da ke kwana a kan bishiya ko gindin rumbu an miƙa ta ga muzuru. Ya kamata kowane gida ya sami akurki na laka ko na katako, a ɗaga shi kamar ƙafa biyu daga ƙasa. A yi masa ƙofa mai sakata. A rufe kafofin shan iska da ragar waya wadda idonta bai wuce rabin inci ba, a liƙe duk wata tsaga. A zuba toka kewaye da ƙafafunsa saboda kwarkwasa. A nome ciyawa, a nisanta tarin kara da itace, a kwashe ragowar abinci kafin magariba, gama hatsi ke kiran ɓera, ɓera kuma ke kiran maciji. A ɗora wa mutum guda alhakin ƙidaya kaji da rufe ƙofa kowace yamma.

Kada A Sa Guba

Guba ba ta zaɓen wanda za ta kashe. Takan hallaka kajin da ake son tsarewa, da karnuka da ungulu, har ma yara ƙanana. Shirwa da muzuru kuwa suna rage ɓeraye, saboda haka hana su shiga ya fi kashe su amfani.

Akurki yana da wata fa'ida. Kajin da ke kwana wuri ɗaya suna da sauƙin kamawa in malamin dabbobi ya zo rigakafin cutar Newcastle, wadda ke ƙarar da kaji lokacin hunturu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin maganin rigakafin.

Hausawa na cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma wannan bai ɗauke wa mai kaji nauyin rufe akurki ba. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona ko ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarsa.