Tsohuwar bindigar soja a cikin tarkacen ƙarfe

Masu sayen tarkacen ƙarfe a rufaffun masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, idan kuka ci karo da tsohuwar bindiga mai gindin katako a kusurwar sito, kada ku haɗa ta da kayan awo. Mai yiwuwa Lee-Enfield ce, wadda dattawa ke kira mak-fo, mai cin harsashi goma. Irinta sojojinmu suka riƙe a yaƙin Bama kafin a gama shi a 1945, 'yan sanda kuma suka daɗe suna ratayawa.

A Ingila da Amurka akwai masu sayen irinta, su goge, su adana don tarihi. A nan ba haka ba ne. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashin .303 cikin haramtattun makamai, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinta. Tsatsa ba ta fitar da ita daga wannan hukunci, gado ma haka. Ko gyaran bindiga sai da izini, don haka kai ta wurin maƙeri ko mai walda jefa bawan Allah cikin rigima ne.

Kada ku taɓa kunamarta, harsashi kan yi shekara da shekaru a ciki bai mutu ba. Ku bar ta inda take, ku sanar da mai wurin da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ga ma hedikwatarsu nan Bompai. In an zo ɗauka, ku nemi takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar.